Ni da Ƙofa ta Uku

Ranar da na gaya wa ƙanina a waya cewa na fara koyon blues, shiru ya yi, can ya ce, "Yaya, wane Bulus kuma? Abokin aikinka ne?" Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni. Na ce ba mutum ba ne, kiɗa ne na baƙaƙen fatar Amurka, kuma da wata 'yar abar busa mai suna hamonika nake koyonsa, wadda in na dunƙule hannu a kanta da ƙyar za ka ga bakinta. Ya ce to Allah ya kyauta, amma dai in tuna a gidanmu ba a gaji kiɗa ba. Gaskiyarsa. Mahaifinmu fataucin goro ya yi har Allah ya karɓi abinsa, ban taɓa jin ko fito ya yi ba. Na ce ya kwantar da hankalinsa, ba roƙo zan fita ba.

Ni direban tirela ne. Iyalina suna Shikago, yawancin lodina kuma kudu yake yi, a kan babbar hanya mai lamba 55, wadda ta bi ta Sen Luwis da Mamfis ta ratsa jihar Misisipi. Dokar ƙasar nan ba ta bari direba ya wuce awa 11 a kan sitiyari, sai ya huta awa 10 a jere. Awa goma a tashar manyan motoci ba wasa ba ce. Ka yi salla, ka ci abinci, ka kira gida, ka yi barci, ka farka, agogo ya ce da saura. A cikin wannan sauran hamonika ta same ni.

Wata rana da tsakar rana na sauke kaya kusa da Clarksdale, ina kan hanya mai lamba 61, sai rediyo ta kamo wata 'yar tasha ta garin Helena, a tsallaken kogi. Tun 1941 suke da shirin blues na rana, wanda Sonny Boy Williamson na biyu ya fara busa a cikinsa. Suka sako wani kiɗa babu waƙa, wata murya mai kauri tana kuka tana lanƙwasa, na ɗauka ƙahon Turawa ne irin na 'yan badujala. Da aka gama mai gabatarwa ya ce Little Walter ne da hamonika, sunan kiɗan Juke, an ɗauke shi a 1952. Na ce ƙarya ne. Abar wasan yara da muke gani a tiren 'yan koli ba ta wannan kukan. Daga baya na gano mutumin haifaffen Luwiziyana ne, a 1930, ya yi busa a bakin titi a kasuwar Maxwell ta Shikago, ya shiga ƙungiyar mawaƙin blues Muddy Waters, kuma wannan kiɗan sai da ya yi mako takwas yana kan gaba a jerin fayafayan baƙar fata na mujallar Billboard. Dabararsa ita ce ya haɗa hamonika da 'yar makirfo a cikin tafin hannu ya rufe ruf, ya tura sautin cikin ƙaramar amsa-kuwwa har ta dusashe. Ya rasu a 1968, bai cika shekara 38 ba.

A makon na sayi tawa, Marine Band ta kamfanin Hohner, an buga harafin C a gefenta, wato sunan muryar da aka tsara ta a kai. Ƙofofi goma ne a jere. A cikin kowace ƙofa akwai siraran harsunan tagulla biyu, ɗaya yana kaɗawa in ka hura, ɗayan in ka zuƙa. Harshe ashirin ke nan, amma murya 19 ce, don zuƙar ƙofa ta biyu da hurar ta uku abu ɗaya suke faɗa. A kan ƙofa ta biyun nan na fara yin abin kunya. Duk sa'ad da na zuƙe ta sai ta yi wani gurnani kamar an shaƙe ɗan akuya. Na koma kantin na ce an sayar mini da lalatacciya. Yaron kantin ya ce ba su karɓar abin da aka riga aka sa a baki. Na yi fushi na tafi wani kantin na sake zuba kusan dala hamsin. Ita ma sabuwar gurnanin ta yi. Ashe bakina ne lalataccen: ina tsuke leɓe ina tsotsa da ƙarfi kamar mai shan rake, harshena ya tokare hanyar iska. Ƙananan ƙofofi ba su son haka. So suke ka saki muƙamuƙi, ka buɗe maƙogwaro kamar za ka yi hamma, ka ja numfashi daga ciki a hankali. Yanzu ina da C guda biyu, duka lafiyarsu lau.

Wata shida na yi ina kwaikwayon abin da nake gani a YouTube. Na haddace 'yan jimloli, zuƙi biyu, zuƙi uku, huri huɗu, zuƙi huɗu, in ina ni kaɗai a ɗakin bayan mota har daɗi suke yi mini. Ilimin kiɗa kuwa na raina shi. A raina na ce mutumin da ya tashi yana jin kukumar Garba Supa da kuntigin Ɗan Maraya Jos a kaset, me zai yi da haruffa da lambobi? Su waɗannan wa ya koya musu A da B? Kunne ya isa.

Akwai wani ɗan gidan rawa a yammacin Shikago inda ran Litinin da dare kowa ke iya rubuta sunansa ya hau ya yi waƙa biyu da makaɗan gidan. Na sha zuwa ina zama a lungu da kwalbar lemo. Na lura masu jita suna yawan kiran harafin E kafin su fara, sai na yi wayo irin na marar sani, na sayi hamonika mai harafin E. Da aka kira ni, mai jita ya juyo ya ce E ce. Na zaro tawa da ƙarfin gwiwa, na zuba jimlolina. Tun a busa ta farko na ji abin bai zauna ba, sai ka ce an zuba manja a kunu. Na ƙara ƙarfi, ya ƙara muni. Can kuma sai na ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashina, makaɗan sun koma wani wuri, kafin in lalubo su sun dawo, kafin in zauna sun sake tashi. Mai ganga ya sunkuyar da kai. Da na sauko ji nake da ma ƙasa ta tsage in shige.

Wani dattijo mai hular fata ya yafuto ni. Na san fuskarsa, shi ma yana busa, a kan kujera yake yi don ƙafa ta gaza. Ya ce, "Ɗana, nuna mini abin da ka busa." Ya juya ta ya ga harafin, ya yi murmushi. Ya zaro tasa daga aljihun riga ya nuna mini harafin A, amma bai miƙo mini ba. Hamonika kamar asawaki take, ba a aronta. Ya jawo takardar goge hannu ya rubuta layi shida: waƙar E, hamonikar A, waƙar G, hamonikar C, waƙar A, ta D, waƙar D, ta G, waƙar C, ta F, waƙar F, ta B mai saukar rabin mataki. Ya ce in sa a walat. Har yau tana nan, ta yi laushi kamar tsohuwar naira.

Baba nake ce masa, shi kuma da ya ji ma'anar kalmar ya ce ya karɓa. A Misisipi aka haife shi, aka kawo shi Shikago yana yaro a jirgin ƙasa, cikin miliyoyin baƙaƙen fatar da suka baro gonakin audugar kudu suka yi arewa. Shi ya warware mini dalilin takardar. Jamusawa ne suka ƙera abar nan, Hohner tun 1857 yake a garin Trossingen, samfurin Marine Band kuma tun 1896. Don waƙoƙin ƙauyensu suka tsara ta. Daga ƙofa ta huɗu zuwa ta bakwai suka jera do re mi cikakke, irin wanda aka koya mana a firamare. Ƙofofi ukun farko kuwa na rakiya ne, don in ka hura su tare ko ka zuƙe su tare su ba da damin muryoyi masu jituwa. Don damin ya yi daɗi sai suka bar muryoyi biyu a waje, fa da la, babu su a can ƙasa. In ka ɗauki hurar ƙofa ta huɗu a matsayin gida, kana busa ta yadda maƙeranta suka nufa. Wannan shi ne zama na farko. Mutanen kudu da suka same ta da araha a kantunan ƙauye sai suka mayar da gidansu zuƙar ƙofa ta biyu. Da wannan ƙaurar, muhimman muryoyin duka suka koma na zuƙa, kuma a ƙananan ƙofofi na zuƙa ne ke lanƙwasuwa. Zama na biyu ke nan, kuma a cikinsa gidan waƙa yana hawa biyar sama da harafin da ke jikin hamonika: A, B, C, D, E. Jimlolin da na haddace duka na zama na biyu ne. Da na busa su a hamonikar E, ni ina B, jama'a suna E.

Ƙasar da ta motsa a ƙarƙashina kuma ita ce darasi na biyu, kuma Baba ya hana ni taɓa hamonika sai na iya shi. Yawancin blues a kan zagaye ɗaya yake tafiya, zango goma sha biyu, kowane zango bugu huɗu. Zango huɗu ana gida. Biyu a tafi maƙwabci na huɗu, wato in gida E ne, a tafi A. Biyu a dawo gida. Ɗaya a hau na biyar, B, ɗaya a sauko na huɗu, biyu a gida, a kan kuma leƙa na biyar a ƙarshen na sha biyu don a juya a koma farko. Shi ke nan. Mako uku na yi ina tuƙi ina ƙirga wannan a kan sitiyari, ɗaya biyu uku huɗu, biyu biyu uku huɗu, duk waƙar da rediyo ta sako. Da farko a zango na bakwai nake ɓacewa. Wata rana a kudancin Ilinoi na lura na daina ƙirga, jikina ne kawai ke sanin ga na biyar nan tafe, kamar yadda ƙafa ke sanin canjin giya kafin ido ya dubi allon mota.

Bugun ma ba a miƙe yake ba. Kowane bugu kashi uku ake raba shi, a riƙe biyun farko a haɗe a taɓa na ukun, dogo gajere, dogo gajere. Baba ya yi ta yi mini misali da baki na kasa kamawa, sai da na samo nawa: Audu Garba, Audu Garba. Gaɓar farko mai nauyi, ta biyu sakayau. Duk mai jin Hausa ya faɗi sunayen nan biyu sau huɗu a jere ya riga ya yi tafiyar blues ɗin Shikago. Da na gwada wa Baba ya tambaye ni su wane ne mutanen, na ce direbobi ne.

Sai lanƙwasa, wadda ita ce ta hana ni barci. Abin da na ji a rediyo ran nan, murya ta faɗo daga inda take ta zame ƙasa, ba a samunsa da yatsa don babu abin dannawa. Da baki ake yi. Kogon bakinka akwati ne mai nasa amo, in ka ɗaga bayan harshe ka matse hanyar iska, ka ja wurin matsin baya, amon kogon sai ya sauka ya janyo muryar tagulla ƙasa. Kamar mai kalangu ne, fatar ɗaya ce, amma da ya matse tsarkiya a hammata ko ya sassauta sai magana ta canza. Malaman intanet suna ta cewa a yi "ii" a koma "uu". Na yi har muƙamuƙina ya yi tsami, babu labari. Rannan a tashar motoci ta Mamfis ta Yamma, a jihar Akansas, wajen ƙarfe biyun dare, na zuƙi ƙofa ta huɗu ina siffanta kalmar "kyau" a bakina ba tare da na furta ba, a hankali, ina jan ta. Harshe ya fara a gaba ya zame baya, sai na ji muryar ta nutsa. Na sake, ta sake nutsawa. Kalmar ma ai da faɗuwar murya muke faɗinta. Na zauna a gefen katifa ina ta zuƙar kyau, kyau, kyau, har direban motar da ke kusa ya buga mini ƙofa.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne lanƙwasar tana da iyaka, kuma iyakar a lissafe take. Murya ba ta sauka sai cikin tazarar da ke tsakanin harsuna biyun da ke ƙofar. A hamonikar A, ƙofa ta huɗu hurarta A ce zuƙarta B, murya ɗaya ce a tsakani, ita kaɗai za ka samu. Ta biyar rabin mataki ne kawai tsakanin harsunanta, babu wurin zama, in ka matsa mata sai dai ta ɗan dusashe, in ka nace ka kashe harshen. Na kashe guda biyu kafin in yarda. Daga ta bakwai zuwa sama abin ya juye, na hura ne ke sama, don haka can da hura ake lanƙwasawa. Wani dare na kwance murfin tsohuwar C ɗina don in gani da idona. Na zuƙi ta huɗu na lanƙwasa ta har ƙasa, na ɗora yatsa a kan harshen zuƙa, sautin bai mutu ba. Na ɗora a kan harshen hura, sai lanƙwasar ta ɓace. Ashe a can ƙasan lanƙwasa harshen da bai kamata ya yi magana ba shi ke magana. Muryoyin da Jamusawa suka bari a waje suna nan a ɓoye tsakanin harsuna biyu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tsagar da ta fi kowace faɗi ita ce ƙofa ta uku. A hamonikar A, hurarta E ce, zuƙarta kuma G mai ɗagin rabin mataki, bari in ce mata G-sama. Tsakaninsu muryoyi uku: G, F-sama, F. Ƙofa ɗaya, zuƙa ɗaya, murya huɗu, kuma babu alama babu tsani, harshenka ne kaɗai zai san inda zai tsaya. Kamar taka birki ne da lodi a gangare, kaɗan ya yi kaɗan, da yawa ya yi yawa. Na sauke wata manhaja a waya mai allura da ke nuna ko murya ta zauna daidai, na jingina wayar a jikin gilashi, kullum minti ashirin, ina sauka hawa ɗaya in tsaya, in ƙara ɗaya in tsaya. F-sama ce muguwar. In na nufe ta sai in zarce, in na dawo sai in wuce.

A nan ne raina ilimin da na yi ya ƙare, don a nan na ga amfaninsa da kunnena. Na kai wa Baba ƙara cewa jimla ɗaya tak nake busawa, a farkon zagaye ta yi daɗi, a zango na biyar ta yi ɗaci. Ya ce in faɗa masa muryoyin da ke cikin damin na huɗu. Na yi zuru. Ya rubuta: A, C-sama, E, G. Ya ce, "To kai me kake busawa a ƙofa ta uku?" G-sama. Mai jita yana riƙe da G, ni ina rabin mataki a samansa, muna goga kafaɗa. A gida, damin E yana ɗauke da G-sama, shi ya sa ta zauna. Da an koma na huɗu dole in sauke ta hawa ɗaya cif. Da an hau na biyar, damin B yana ɗauke da F-sama, dole in sauke ta hawa biyu. Wato ƙofa ɗaya ce, amma zurfin da zan lanƙwasa ta ya danganta da zangon da ake ciki. In ban ƙirga ba ban san inda ake ba, in ban san abin da ke cikin damin ba ban san inda zan tsaya ba, in harshena bai horu ba sanin bai amfane ni da komai ba. Wata shida na yi ina zaton waɗannan abubuwa uku daban-daban ne, na ɗauki ɗaya na watsar da biyu.

Da na fara alfahari da allurata kuma, sai Baba ya karya ta. Na busa masa jerin muryoyin blues na zama na biyu: zuƙi biyu, uku a lanƙwashe hawa ɗaya, huri huɗu, huɗu a lanƙwashe, zuƙi huɗu, zuƙi biyar, huri shida. Kowace murya allura ta tsaya a tsakiya ta yi kore. Ya ce daidai ne, amma kamar karatun takardar haraji. Ya ɗauki tasa ya zuƙi ta uku a kan gida, na kara wayar. Allura ta tsaya tsakanin G da G-sama tana rawa, ta yi ja, wai kuskure. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Ita ce muryar da na ji a hanyar Clarksdale. Ba ta cikin farare ko baƙaƙen maɓallan piyano, a tsakaninsu take. Na ce, "Baba, to me ya sa ka bar ni wata uku ina bin allura?" Ya ce wanda bai san inda bango biyu suke ba, ba ya sanin tsakiyar ɗaki. Ban ji daɗin amsar ba a lokacin, don na ga kamar ya mayar da ni baya.

Ita wannan murya ta tsakani ba baƙuwa ba ce a kunnen wanda ya tashi a ƙasarmu. Mai goge da mai kukuma yatsa suke zamewa a kan izga, babu wani tsani da ya tsare su. Wani masani ɗan Ostiriya, Gerhard Kubik, ya fitar da littafi a 1999 inda ya kafa hujja cewa salon blues na Misisipi, da zamiyar muryarsa da waƙar mutum ɗaya da abin kiɗansa mai tsirkiya, ya fi kama da kiɗan yankin da ya taso daga Mali ya ratsa arewacin Gana da arewacin Najeriya zuwa arewacin Kamaru, fiye da kiɗan gangunan bakin teku. Kunnena ya yarda da shi. Amsa-amon ma haka: mawaƙi ya faɗi layi a zango biyu, ya bar biyu, hamonika ta amsa, aikin 'yan amshin Shata ke nan. Amma ba na son masu cewa ai blues namu ne, an sace ne. Zagayen zango goma sha biyu da damin muryoyi uku ba mu da shi, kiɗanmu a gida ɗaya yake zama ya yi ta juyawa. Mutanen da aka bautar, da 'ya'yansu da jikokinsu, su suka gina abin nan a gonakin auduga da coci-coci da gidajen rawa, da wahalar da ni ban sha ba. Dangantakar ta taimake ni na ji muryar, amma ran Litinin ɗin nan ba ta hana ni ɓacewa ba.

Sauran dabarun a gurguje suka zo, ko in ce suna kan zuwa. Na bar tsuke leɓe a kan ƙofa ɗaya, na koma rufe ƙofofi huɗu da baki in toshe ukun hagu da harshe, murya ta fita ta kusurwar dama. Da haka ake samun kaurin nan na Shikago: ka bar damin ya fito na ƙiftawar ido, ka maka harshe, murya ɗaya ta rage, kamar bulala. In ka toshe biyun tsakiya kuma, ta ɗaya da ta huɗu su fito tare, uwa da 'ya. Sai da na sake koyon lanƙwasa daga farko, don yanzu kan harshe yana aiki a gaba, "kyau" ɗina ta koma can baya kusa da inda muke furta ƙ. Akwai matsalar cika da iska, tunda kusan komai zuƙa ne, huhu ya cika ka rasa inda za ka sa, sai ka koyi sakin iska ta hanci duk sa'ad da aka zo murya ta hura. Na koyi kada in busa bayan na ci goro, sai na kurkure baki, don ɓarɓashi ɗaya ya isa ya ƙame harshen tagulla. Na rage gashin baki, murfin yana cizgar sa. Da sanyi a aljihun ƙirji nake ajiye ta ta ɗumama. Da azumi kuwa sai bayan tarawi, busasshen maƙogwaro ba ya lanƙwasa komai.

Litinin ɗin da ta wuce na sake rubuta sunana. Mai jita ɗin nan ne, ya gane ni, ya ce E, a hankali. Na zaro A. Zagayen farko ban busa komai ba sai amsa, mawaƙi ya faɗi nasa in ba shi muryoyi uku in yi shiru. Da aka ba ni nawa zagaye biyu, na zauna a zuƙar ta biyu na daɗe, na taɓa ta uku a tsakani, da zango na biyar ya zo na sauke ta cif, na ji ta shige cikin jitar kamar an sa mabuɗi a kwaɗo. A zango na tara na nufi F-sama na zarce ta, na faɗa F, na yi sauri na haura. Mai ganga bai sunkuyar da kai ba. Da na sauko Baba bai ce ya yi kyau ba, bai ce bai yi ba. Ya ɗaga yatsu tara, ya nuna maƙogwaronsa. Sa'an nan ya jawo wata takardar goge hannu ya rubuta: hamonikar C, waƙar D, gida a zuƙar ƙofa ta huɗu. Ya ce wannan zama na uku ne, na waƙoƙi masu duhu, in zo da C ɗina in an kwana biyu. Na ce ina da guda biyu.

Gobe da asuba ina da lodin takarda zuwa Jakson, awa goma sha ɗaya ba za ta kai ni ba, a Mamfis ta Yamma zan kwana.